Gurbin Mai Saniya

Ƙanena Yazidu masanin ordinater ne, wato kwamfuta. Wani kamfani a Yamai yake rubuta wa manhaja, daga ɗakinsa a nan Dakoro, idan rezon intanet ya ga dama. Aikin ba ya isarsa. Ya yi kiwon tantabaru sun gudu gidan maƙwabta. Ya yi manhajar tuna wa Inna shan magani, Inna ce ta koma tuna masa ya yi wa wayar caji.

Sai ya ƙirƙiro manhajar Ga-Ta. A ɗauki hoton hancin saniya, tunda kowace da irin zanen hancinta, a rubuta sunan mai ita. Duk ranar da aka gan ta hannun wani, waya ta yi ƙara. Shekara biyu ya yi a kanta, har ya rame, kuma ni kaina na tausaya masa. Abu ɗaya yake nema: yardar Baffa Samba, Bafulatani aminin marigayi mahaifinmu. Idan Baffa ya karɓa, makiyaya sun karɓa. Baffa ya bari aka bi shanunsa ana ɗaukar hancinsu, don kunyar kabarin abokinsa kawai.

Ranar wata kasuwa, Yazidu ya raba wa dillalai manhajar su gwada. Ɗaya ya ɗora waya kan wata jar saniya da tsoho Arzika, manomin ƙauyen Maiyara, ya kawo a yi wa allura. Waya ta tsala ihu, jan rubutu ya fito: SATA. TA SAMBA CE.

Yazidu ya zo da gudu, baki har kunne. Ga-Ta ta kama ɓarawonta na farko. Mutane sun kewaye Arzika, wani ma ya riƙe masa riga. Tsohon kuwa igiyar saniyar kawai ya ƙanƙame.

Aka kira Baffa. Ya dubi saniya, ya dubi Yazidu.

"Wa ya ce maka an sace ta?"

"Baffa, ba taka ba ce?"

"Tau ce."

"To mi take yi hannunshi?"

"Tashi ce."

Habbanaye ne. Da shanun Arzika suka mutu, Baffa ya ba shi karsana ya riƙe har ta haihu, maruƙa nasa, uwar ta koma gida. Kowane yaro a Dakoro ya san wannan. Injiniyanmu ma ya sani, madarar irin wannan saniya ya sha ya girma. Amma a manhajarsa gurbin mai saniya guda ɗaya ya yi.

Baffa ya sa Yazidu ya durƙusa gaban Arzika a tsakiyar kasuwa. Kwana shida Yazidu bai fita ko ƙofar gida ba, ni ke kai masa tuwo ina haɗiye dariya.

Rana ta bakwai da hantsi muka ji kukan saniya. Baffa ne, yana ɗaure wata baƙar karsana a turken gidanmu.

"Yazidu, ga habbanaye. Ka riƙe ta har ta haihu biyu."

Yazidu ya shiga zuba godiya, idonsa ya ciko.

"Ɗauko wayar taka," in ji Baffa. "Ɗauki hancinta."

Ya ɗauka. Gurbi ya buɗe: sunan mai saniya.

"To, rubuta. Ina jira."