Hoton Bok-rye a Kan Tsauni

Tun tana amarya Bok-rye take jin labarin ƙololuwar tsaunin nan a bakin mijinta, Man-sik. Kowace Lahadi shi da 'yan ƙungiyarsu ta masu hawan dutse suke haurawa, su ɗauki hoto a jikin dutsen da aka rubuta sunan tsaunin, ya dawo yana cika mata baki. Ita kam gwiwoyinta sun daɗe da mutuwa. Da aka kafa motar da ke tafiya a igiyar ƙarfe har sama, sai ta sayi jar riga ta shiga. Burinta ɗaya ne, ta tsaya kusa da mijinta a hoton.

Ta riga su isa. Ta ga teku, ta ga garinsu ya zama ɗan mitsitsi, ta yi ta dariya ita kaɗai kamar yarinya. A haka suka same ta, suna haki, gumi sharkaf.

"Maman Jun-ho, wai murnar me kike yi?" in ji Man-sik. "Daɗin wurin nan sai wanda ya zo da ƙafarsa. Ke ai kawo ki aka yi kamar buhun shinkafa."

Abokan suka kwashe da dariya. Da aka zo jerawa ta matso, ya tare ta da sandarsa.

"Dokar ƙungiya ce. Sai wanda ya yi gumi."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Wai gumi.

"Baban Jun-ho, da tsohuwarka ta kwanta ciwo, wa ya riƙa goya ta zuwa hawa na huɗu na bene, kana nan kana hoto? A nan gwiwoyin suka ƙare."

"Wannan ai aikin gida ne," ya ce, ko kunya babu. Ya miƙa mata wayarsa. "Ungo, ɗauke mu. Ki tabbata rubutun ya fito."

Ta karɓa. Tsofaffin banza suka gyara huluna, suka ɗaga sanduna, kowa ya washe baki yana cewa kimci, kalmar da ake faɗa don a fito da murmushi a hoto. Bok-rye ta juya musu baya, ta danna wurin da ke juyo da kyamara. Fuskarta ta cika wayar, ga sunan tsaunin a saman kafaɗarta, su kuma can baya ba a ko gane su. Ta saki dariya ta ɗauka.

"Ya fito?" Man-sik ya tambaya.

"Ya fito ras," ta ce.