Abin da Na Ajiye a Kwandon Shara

Saƙonnin matata ɗari huɗu da goma sha biyu suna cikin kwandon shara na imel ɗin ofis. Ni na zuba su a can da hannuna, kuma ba don na raina su ba.

A hawa na uku na kamfaninmu kowa haka yake yi. Shekarun baya wani mai gyaran kwamfuta, wanda ya daɗe da barin aiki, ya raɗa mana cewa akwatin saƙo yana da iyaka, in ya cika sai ya toshe, amma abin da ke cikin kwandon shara ba a lissafa shi. Daga ranar, duk abin da mutum yake ji da shi sai ya jefa shi shara: takardar ƙarin girma, yarjejeniya, hoton jika. Ni ina da ƙarin dalili. Dokar kamfani ta hana wasiƙar gida a akwatin aiki, kuma ban taɓa jin mai bincike ya leƙa shara ba.

Matata malamar makaranta ce. Kullum da tsakar rana, in ɗalibai sun fita, sai ta zauna gaban kwamfutar ɗakin malamai ta rubuto mini layi biyu ko uku. Babu kalaman soyayya a ciki. "Ka bar maganinka a kan firji." "Famfon bayi yana ɗiga, maigidan kuma yana karatu." Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Wayarta ta ɓace a asibiti, makarantar ta rufe akwatinta, abin da ya rage mini na yadda take magana shi ne wannan kwandon. Kowace safiya nakan buɗe ɗaya tak, kafin in fara aikina na gyara rubutun mutanen da suka fi ni muƙami. 'Yarmu ta sha ce mini in buga su a takarda. Na'urar bugawa tana bakin ƙofar manaja, sai na yi ta cewa gobe.

An yi mini aikin yanar ido, na yi mako shida a gida. Ranar Litinin da na dawo, na kunna kwamfuta na tarar da 'yan kalmomi a kusurwar ƙasa: ba a haɗe ba. Ta nemi kalmar sirri, na ba ta, ta ƙi. Na buɗe shara da sauri. Suna nan, ɗari huɗu da goma sha biyu. Na karanta na ranar, na gyara rahoton da manaja yake jira kafin ƙarfe goma, na aika, sai ya maƙale a akwatin fita.

"Malam Ƙamus," in ji maƙwabcin teburina, wanda muke kira Rediyo, "an wanke ido an dawo ganin kurakuranmu?"

"Naka ko makaho yana ganinsu. Kira mini masu gyara."

Wadda ta hawo ita ce shugabar sashen kwamfuta, kowa Injiniya yake ce mata. Mace mai ƙarancin magana, da tarin makullai rataye a wuya. Ta yi mini sannu da jiki, ta jawo kujera.

"Baba, kafin in taɓa, akwai abin da kake so in adana maka?"

Tambayar da take yi wa kowa ce. Rediyo ya juyo da kujerarsa, ya baza kunne. Na dubi matar nan da ke riƙe da dokar kamfani a wuyanta, na dubi bakin da zai kai labarin har wurin masu gadi kafin azahar: tsohon nan da ke gyara wa kowa waƙafi ashe saƙon matacciya yake karantawa da safe.

"Me zan adana?" na ce. "Hikimar manaja?"

Ta ɗan murmusa ta fara aiki. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta zare wayar intanet ta mayar, ta tabbatar 'yar fitilar tana ƙiftawa. Ta buɗe wani shafi don ta ga ko layi yana zuwa. Yana zuwa. Ta rufe manhajar imel ta sake buɗewa. Ta kashe kwamfutar gaba ɗaya ta kunna.

"Wannan kam ko ni na iya," in ji Rediyo. "Shekara nawa kika yi a jami'a kafin a koya miki kashewa da kunnawa?"

"Huɗu, Yaya. Ta biyar aka koya mana haƙuri da irinku."

Ta duba ko an danna wurin da ke sa manhajar aiki ba tare da layi ba. Ba a danna ba. Ta tambaye ni yaushe rabona da canza kalmar sirri, na ce tun ina ganin duniya ta cikin hazo.

"To ita ce. Duk wata uku take mutuwa. Taka ta mutu kana gida, shi ya sa kwamfutar ta daina magana da babbar na'urarmu ta ƙasa. Abin da kake gani a nan tsohon kwafi ne, yadda ka bar shi. Sa sabuwa. Babban baƙi, lamba, da alama ɗaya."

Ta kau da kai, na rubuta. Kalmomin kusurwa suka canza: an haɗa. Rahoton ya fice daga akwatin fita, saƙonnin mako shida suka fara zubowa.

"Shi ke nan, Baba. Ba wata babbar cuta ba ce."

Sabon idona ne ya gani. Da tsohon ne, da sai gobe zan sani. Lambar da ke gefen kwandon shara ta koma ɗari uku da tamanin. Kafin in gyara zaman gilashina ta koma ɗari uku da goma.

"Me ya sa wannan yake raguwa?"

"Sharar ce take daidaita da ta ƙasa," ta ce, tana tattara makullanta. "Sabuwar doka. Duk abin da ya wuce kwana talatin a shara, na'ura tana sharewa. Mun aiko da sanarwa sau uku."

Sanarwar tana gabana, ta shigo yanzun nan, sau uku, da jan rubutu.

"Ai mun sha wahala," in ji Rediyo. "Kwana biyu na yi ina kwashe nawa. Duk hawan nan babu wanda ya yi aiki a makon."

Mutumin nan ya zo duba ni a gida a daidai wancan makon. Ya kawo lemo, ya zauna awa biyu, ya ba ni labarin ciwon bayan surukarsa da sabuwar motar manaja.

Ɗari da casa'in.

"'Yata," na ce, "matata ce a ciki."

Ta zube a gwiwa ta fizge wayar daga bango har kanta ya bugi tebur. Kusurwa ta koma: ba a haɗe ba. Muka dubi lambar tare.

Tara.

Ta zauna a ƙasa yadda take, riƙe da wayar. Na tambaye ta ko za a iya dawo da su daga ƙasa. Ta ce na'urar tana riƙe abin da aka share na kwana goma sha huɗu, nawa kuwa an share su wata guda da ya wuce. Na ce ajiyar kwafin bayanai da suke taƙama da ita fa? Ta ce ba a ajiye shara, shara ce. Kwafin ƙarshe a duniya yana cikin kwamfutata, kuma lalacewar nan ce ta tsare shi har yau.

"Baba, na tambaye ka," ta ce a hankali. "Minti biyu ne. Da ka ce mini ko da kalma ɗaya."

"Kin tambaya."

Rediyo ya buɗe baki, ya rufe. Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar da zai yi shiru, ga ta ta zo.

Injiniya ta buɗe sabon wuri ta kwashe taran nan ta zuba. Ta ce wane suna za ta sa masa, na ce ta sa abin da ta ga dama. Ta mayar da waya, ta je da kanta bakin ƙofar manaja ta bugo su, ta kawo mini a kife. Shafi ɗaya da rabi. Babu wanda ya ɗaga kai ya kalle ta. Abin da na yi shekara biyu ina tsoro ke nan.

Na'urar daga tsofaffi ta faro sharewa. Famfon da ke ɗiga ya tafi, da maganin kan firji, da ranar da ta kira ni shugaban ƙungiyar masu gyara abin da bai lalace ba. Waɗanda suka rage na makonninta na ƙarshe a makaranta ne, waɗanda kullum nake tsallakewa. Na san abin da ke ciki. Ƙwaƙwalwata, da ba ta riƙe mini ko rabin masu daɗin ba, ta riƙe waɗannan baƙi da baƙi.

Amsar manaja ta shigo: rahoto ya yi kyau, amma ya makara da minti ashirin.

Washegari na zo da wuri, na zauna, na juya takardar. Na rufe sauran da tafin hannu, na karanta na farko.

"Malam, yau ba zan iya kaiwa lokacin tashi ba. Ka nemi izini ka zo ka ɗauke ni."

Ranar ban je ba, akwai rahoto. Na sake kife takardar. Saura takwas.