Ɗan Farin Lubabatu

A Fammar kowa ya san Mahdi ɗan Lubabatu ne, amma ba wanda ya taɓa jin haka daga bakinta. Shi ne ɗanta na fari. A danginsu, Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka kama fartanya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tambayar ko ya ci abinci. Da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa. Da kakar ta rasu ya koma hannun Bappa Habu, yayan mahaifinsa. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "ɗan gidan Bappa". Shi kuma Adda yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa.

Bayan rasuwar mijinta da auren 'ya'yanta mata, gidan ya rage daga ita sai awaki. Mahdi ya dawo shagon da ke ƙofar gida, bango ɗaya ne tsakaninsu. In ta gama tuwo sai ta ajiye kwano a zaure, ta yi gyaran murya, ta koma ciki.

Ta bangon nan ta san komai. Da damina yana bin 'yan ƙwadago zuwa gonakin Zinyau da Yalwa, a can ya koyi haɗiyar tiramol don ya yi noma tun safe har yamma bai ji gajiya ba. Daga baya ya ƙara da kodin, yana juye shi a robar lemo. 'Yan Hisba sun taɓa kama shi, suka yi masa wa'azi, suka sake shi. A shekarar da ake ta maganar kodin a rediyo, Mahdi ya daina zuwa gona gaba ɗaya. Ya daina barci. Tana jin sa yana gardama da mutanen da ba sa cikin ɗakin, yana roƙon su daina kiran sunansa.

Wata safiya Bappa Habu ya yi sallama, ya tsaya daga bakin zaure.

"Na yi magana da wani malami can wajen birni, yana da gidan mari. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za a zo da mota da ƙarti biyu. Ba shawara na zo nema ba, na dai ga ya kamata ki ji."

"Duk yadda kuka gani, Bappa," in ji ta.

Abin da ake tsammanin ji daga uwar ɗan fari ke nan, shi kuwa ta faɗa. Amma ta san Muntari ɗan maƙwabtansu, wanda aka kai irin wannan gida bara. Ya dawo da tabon ƙarfe a idon sawunsa biyu. Ya daina shaye-shaye, ya kuma daina magana. Yanzu a gindin darbejiya yake wuni yana kallon ƙasa.

Ta taɓa jin wata mata a rediyo tana cewa shaye-shaye ciwo ne, kuma akwai likitocin da aikinsu su zauna da mutum su saurare shi. Ba ta riƙe inda aka ce suke ba. Ba ta da wanda za ta tambaya a dangi ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Don haka ta je wurin Gwadabe mai kemis, wanda duk gari ya san daga kantarsa kwalaben kodin suke fita.

"Hajiya, ni fa maganin tari nake sayarwa," in ji Gwadabe yana dariya. "Laifina ne in samarin garin nan duk sun kamu da tari?"

"Ban zo faɗa ba. Mai sayar da ciwo ai ya san inda ake maganinsa."

Dariyar ta tsaya. Ya leƙa waje, ya rage murya.

"Ki je asibitin Rano. Akwai wata Malama Huseina da ke zuwa daga Kano ranar Laraba da Alhamis, masu taɓin hankali da 'yan ƙwaya take gani. Kada ki ce ni na aiko ki."

Ranar Laraba ta gaya wa matar Bappa za ta je awon hawan jini.

Ɗakin Malama Huseina yana can ƙarshen baranda, inda masu wucewa ke ƙara sauri. Waɗanda ke kan benci duk bibbiyu suka zo: wani dattijo riƙe da hannun ɗansa, wata mata da ƙanwarta mai lulluɓe har fuska. Lubabatu ce kaɗai ta zo ita ɗaya. Wata tsohuwa da ke gefenta ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce marar lafiyar?"

"A'a."

"To wa kika kawo?"

"Ba kowa."

"Allah sarki. Haka suke cewa duka," in ji tsohuwar, ta ɗan matsa gefe.

Da layi ya zo kanta ta shiga. Malama Huseina mace ce mai matsakaicin shekaru, da farin hijabi da gilashi, muryarta ta dushe don magana.

"Sannu da zuwa, Inna. Me ke tafe da ke?"

"Wani yaro ne."

"Naki?"

Amsar ta fito da kanta, ta hanyar da ta saba fitowa shekara da shekaru.

"Na maƙwabta ne. Ɗan gidan wani Bappa Habu."

Daga nan ta yi bayani. Ta faɗi abin da yake sha da lokacin da ya fara. Ta ce a da yana cinye tuwo ya bar miya, yanzu miyar yake lasa ya bar tuwon. Ta ce muryoyin sun fi damun sa in gari ya yi tsit, kuma in ana ruwan sama yana samun barci kaɗan. Malama Huseina ta cire gilashinta ta goge.

"Ana samun sauƙi, Inna. Akwai maganin da zai kwantar da muryoyin. Amma rabin aikin zama ne da magana, mako bayan mako, ba abin rana ɗaya ba ne. Shi ya sa ba na karɓar yaro daga hannun maƙwabta. An sha kawo mini su, a zo sau ɗaya don neman lada, kowa ya koma harkarsa, yaro ya koma wa kwalbarsa. Shi Bappan fa?"

"Gidan mari ya zaɓa. Jibi za a zo da mota."

"Uwarsa na raye?"

"Tana nan."

"To ita nake so. Ki gaya mata gobe ina nan har azahar. Ta zo da shi da kanta, ta zauna a kujerar nan ta ji abin da zai ce. In ba za ta iya ba, ni ma ba abin da zan iya."

Lubabatu ta yi godiya ta fita. Ta taka har tasha, ta shiga motar Kibiya mai bi ta Fammar, ta zauna kusa da taga ana jiran mota ta cika. Mai talla ta miƙo mata gyaɗa, ta girgiza kai. Ta yi ta neman wanda za ta kai wa saƙon Malama Huseina a ranta, ba ta samu kowa ba sai kanta. Da kwandasta ya fara buga jikin mota sai ta ce a buɗe mata.

"Haba Hajiya, sai da muka cika?"

Ta sauka ta koma asibiti.

Ta tarar baranda ta watse, Malama Huseina tana haɗa jakarta.

"Inna, mantuwa kika yi?"

"Ni ce."

"Ke ce wa?"

"Uwar."

Malama Huseina ta ajiye jakar, ta koma ta zauna.

"Ɗan fari ne ko?"

Lubabatu ta gyaɗa kai.

"Sunansa?"

Ranar suna daga cikin ɗaki ta ji shi, da aka sanar a ƙofar gida mata suka ɗauki guɗa. Tun daga ranar yake bakin kowa ban da nata. Ta motsa leɓe.

"Ban ji ba, Inna."

"Mahdi."

"To. Gobe a ɗakin nan da sunansa za ki riƙa yi masa magana, ba ta bakina ba. Abin da za ki yi a gida kuma naki ne."

Bayan la'asar ta iso Fammar. Ta tsaya a ƙofar shagon, ta yi gyaran murya yadda ta saba. Shiru. A ƙetaren hanya matar Bappa tana ɗaure tunkiya, wasu mata biyu suna dawowa daga rijiya.

"Mahdi," ta ce.

Matar Bappa ta saki igiyar.

"Mahdi."

Daga ciki aka yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Yau kuma da muryar Adda kuka zo? Ƙarya kuke. Adda ba ta kiran sunana. Ku ƙyale ni, don Allah ku ƙyale ni."

Ta ɗaga labulen buhu ta shiga. Ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Warin gumi da zaƙin magani suka tare ta. Robobin lemo a zube a bayan ƙofa, kwanonta na jiya a rufe yadda ta ajiye shi. Yana tsugune a kusurwa ya toshe kunnuwansa. Ya rame fiye da yadda take hangowa daga nesa, kuma a kusa goshin mahaifinsa ne sak.

Ta durƙusa ta kama wuyan hannunsa, ta janye shi daga kunnen. Ya daɗe yana kallon hannun nata kafin ya dubi fuskarta.

"Ke ce?"

"Ni ce. Gobe da safe za mu Rano. Akwai wata mata da za ta saurare ka."

"Bappa ya ce mari."

"Rano za mu."

Da safe suka tarar da Bappa Habu a bakin hanya, da carbi a hannu. Labari ya riga ya kai masa tun jiya. Bai dubi Mahdi ba.

"Lubabatu, a tsakiyar gari, mata na ji? Kunyar taki ina kika kai ta?"

"Tana nan, Bappa."

"Ni na riƙe yaron nan tun rasuwar kakarsa. Amma tunda kin ce naki ne, ga shi nan. Zan aika a ce kada motar ta zo. Duk abin da ya biyo baya, kada a neme ni."

Ya juya ya tafi. Matan da ke tsaye a ƙofar gidaje ba wadda ta yi mata a dawo lafiya.

Suka shiga mota. Mahdi ya jingina kai da taga, duwatsun hanyar Rano suna wucewa. A baranda suka zauna kan benci ɗaya, tsakaninsu akwai wurin zaman mutum guda, ba wanda ya san yadda zai cike shi. Yana ta kaɗa ƙafa. Sau biyu ya dubi ƙofar fita.

Da layi ya zo kansu, Malama Huseina ta buɗe ƙofa. Ba ta kira kowa ba. Ta dubi Lubabatu, ta tsaya tana jira.

"Mahdi," in ji Lubabatu, "tashi mu shiga."

Ya ɗan karkata kai kamar mai tantance daga inda muryar ta fito. Sannan ya miƙe.