Huɗu Zuwa Bakwai, Ba Kwana

"Ba zan sa hannu ba," in ji Glenn. Ya ture takardar har ta kusa kifar mini da shayi.

Lauyarsa na kan waya, an buɗe muryarta a tsakiyar tebur. Ni dai miya na kawo. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce ta raba mu a Geelong, don haka ba wanda ya ce ni Beryl in fita.

"Glenn, saurare ni," in ji lauyar. "Hukuncin da aka yanke kan Tahlia na ƙarshe ne. Da aka gyara doka, an rubuta ƙa'idar ɓaro-ɓaro. Alƙali zai duba ko wani babban abu ya canja, kuma sai ya ga amfanin yarinyar ne kafin ya sake buɗe maganar. Me ya canja?"

"Ina kewarta."

"Da ma kana kewarta. Wannan ba canji ba ne."

Dukanmu mun san abin da ya canja. Cutar daji ta cinye masa huhu, bayan shekara talatin yana yanka tsofaffin allunan rufi masu ƙura mai guba. Tahlia kuwa, 'yarsa mai shekara goma sha ɗaya, tana Ballarat wajen uwarta Rochelle. Abin da hukunci ya ba shi, Juma'a zuwa Lahadi, sau ɗaya a mako biyu. Iyayen ba sa magana, sai ta wani ɗan littafi da ke yawo cikin jakar yarinyar. Shi so yake a ƙara masa kwanaki tun yana da su.

"In na rubuta ciwon nan, Rochelle za ta karanta," ya ce. "Ta ce wanda ba ya iya hawa matakala uku ba zai riƙe yarinya ba. Kwana biyun ma a ƙwace."

"Tana iya nema," in ji lauyar. "Ba zan ɓoye maka ba."

Ranar Juma'a ni na tuƙa shi gidan man da suke musayar yarinyar. Zafin Fabrairu kamar a soya ƙwai a kan kwalta, amma bawan Allahn nan rigar sanyi biyu ya zuba don kada a ga ramarsa.

Rochelle ta sauke gilashi. "Beryl? Yau ke ce direba?"

"Motarsa ce ta lalace."

Da furfurata na yi wannan ƙaryar, kuma ko muryata ba ta yi rawa ba.

"Baba, riga biyu?" in ji Tahlia da ta shigo. "A wannan zafin?"

"Gayu ne. Ke me kika sani, 'yar ƙauye?"

Ran Lahadi da muka mayar da ita, ya kasa fitowa daga mota ya rungume ta. Ta taga ya miƙa mata hannu. Washegari da safe ina shanya na ji shi ta katanga.

"Tsohuwa, kina da biro mai aiki?"

Ranar ya sa hannu. Kotu ta sa ranar zama nan da mako tara. Likita ya ce mako shida suka rage masa, in an yi sa'a.

Ran Talata motar Rochelle ta ci birki a ƙofarsa. Glenn na zaune a baranda da robar iska a hanci, ni ina share masa ganye. A bakin ƙofar shinge ta tsaya, takardun kotu a hannunta.

"Daga bakin kotu zan ji? Wani baƙo ya miƙo mini a wurin aiki, a gaban mutane!"

"Na so in rubuta a littafin. Tahlia na karanta shi a mota."

Ta juyo kaina. "Ke kuma kika ce mota." Na sunkuyar da kai kan tsintsiyata. "Glenn, in ka faɗi a banɗaki wa zai ɗaga ka? Yarinyata? Lauyana ya ce in nemi a dakatar da zuwanta. Ya ce zan samu."

"Za ki samu," ya ce.

Ta tsaya tana kallon robar nan. Sai ta juya ta tafi.

Juma'arsa ta zagayo, muka je gidan man. Biyar ta yi. Biyar da rabi. Duk motar da ta shigo sai ya ɗago kai. Da shida saura ya ce, "Mu tafi, Beryl."

Litinin da ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na ji an rufe ƙofar mota. Tahlia ce, da kayan makaranta, idanu sun kumbura. An faɗa mata.

"Huɗu zuwa bakwai," in ji Rochelle daga cikin mota. "Ba kwana. Beryl tana ciki ko da yaushe. Ni ina nan waje."

"Kullum?" in ji Glenn.

"Kada ka sa in canja shawara."

Tafiyar fiye da awa ɗaya ce, zuwa kawai, ta kuwa yi ta kwana goma sha shida. Ba ta taɓa taka gidan ba. Nakan kai mata shayi da biskit, ta karɓa ta taga, ba godiya, ba faɗa. Wata rana ta ce, "Yana cin abinci?" Na ce kaɗan. Ta ce, "Ba ya son ɓawon burodi. Ki yanke." Ta ɗage gilashi.

Ran Laraba ce. Tahlia na zaune a bakin gado tana ba shi labarin malaminsu da kujera ta karye da shi. Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya lafa. Ta ci gaba da labarin, ni kuwa idona na kan ƙirjinsa. Ya sauka, bai sake ɗagowa ba. Na bari ta kai ƙarshe kafin na dafa kafaɗarta.

Na fita. Rochelle ta ga hannuna ba kofi. Ta kashe rediyo, ta fito, ta bar ƙofar motar a buɗe. Ta hau matakalan nan uku. A bakin ƙofa ta tsaya kan tabarmar goge ƙafa, tana ta goge takalman da ba su da ko ƙura, ana jiyo Tahlia daga ciki tana cewa, "Mama?"