Ƙauri a Kwalbar Jan Gemu

In kana son ganin ɓacin ran Barnabas kuku, ba sai ka taɓa iyayensa ba. Ka leƙa kicin ɗinsa kawai, ka ɗaga hanci, ka ce, "Kamar ina jin ƙauri." To, ranar ko gaisuwarka ba zai amsa ba. Mutumin Kaltungo ne, ya yi wa Turawa girki tun kafin a sauke tutar Ingila, kuma abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne tal: abinci bai taɓa ƙonewa a hannunsa ba.

Wannan suna ne ya sa injiniyan da ke gina gada a hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram ya ɗauke shi aiki, a shekarun nan da kuɗin mai ya fara zuba, kwalta tana bin ƙauyuka. Injiniyan ɗan Sikotilan ne, leburori suna ce masa Jan Gemu. Ya yi alkawarin in an gama gada zai tafi da Barnabas da matarsa Justina Kano, gida mai famfo da lantarki. Justina kuwa ta riga ta gaya wa kaf matan coci, har da waɗanda ba su tambaye ta ba.

Wata rana da hantsi Barnabas yana gyaran sito sai ya ga kwalbar wuski a bayan gwangwanayen madara, zafi ya ɗan ɗago toshiyarta. Ya kai hanci. Wayyo Allah! Ƙauri, mai sunan ƙauri, kamar an ƙona tsumma a ɗakin magani. Ya dubi bangon da ya raba sito da murhunsa, ya ga tsaga. Hayaƙinsa ne ya shiga giyar maigida, ba wani ba.

Ya ruga da ita wurin Justina.

"Kai dai da saurin rikicewa," in ji ta. "Wace ƙonanniyar miya ce ba ta da magani? Kawo gawayi."

Suka juye wuskin a kwano suka jefa gawayi. Suka tace da ɗankwalinta na zuwa coci. Suka sa gutsuren burodi ya tsotse sauran, suka yanka albasa a gefe, suka bar kwanon a buɗe ya sha iska. Barnabas ya ɗanɗana, harshensa ya yi kamar an ɗana masa wuta, sai ya ce wannan kuma zafinsa ya yi yawa, ya tsinka shi da ruwan randa yadda ake yi wa miyar da gishiri ya zarce. Da suka mayar a kwalba, abin ya yi sanyi lau, ba ƙauri ba komai. Barnabas ya ji daɗi har yana fito.

Kashegari da rana Jan Gemu ya gama cin abinci, ya miƙe ƙafa, marmarin gida ya taso masa. Ya iya Hausa irin ta littafi, mai tafiya a hankali.

"Barnabas, ka ga kwalba a sito? Kada ka taɓa ta. Ranar buɗe gada zan sha. Kawuna ne ya cika mini ita daga bakin ganga, a tsibirinmu."

"To, ranka ya daɗe."

"Ka san yadda ake yi? A jiƙa sha'ir ya tsira, kamar dawar burukutu a garinku. Sannan a busar da shi a kan hayaƙi. Ba hayaƙin itace ba. Muna da wata baƙar ƙasa, ruɓaɓɓiyar ciyawa ce tun ta kakannin kakanni. A yanka ta kamar tubali, a shanya, a hura."

"Ƙasa kuke hurawa?"

"Ita fa. Sai a niƙa, a jiƙa ya yi tsami, a dafa a tukunyar tagulla mai dogon wuya, a tare tururin, a sake dafawa. A zuba a gangar itace a bakin teku, a manta da shi shekara da shekaru. Na gidan giya ɗaya ne, ba a gauraya shi da na kowa ba. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba." Ya lumshe ido. "Da farko hayaƙi ya mare ka. Sai aidin, maganin nan na miki, sai kwalta, sai gishirin teku, kamar busasshen kifi. Can ƙarshe sai zaƙi kamar zuma. Hayaƙin nan, Barnabas, shi ne dukiyar. In babu shi, ruwan wanki ne."

Barnabas ya kwashe kwanuka ya koma kicin. Yau ga masifa! Ashe akwai ƙasar da ake ƙona abu da gangan, a adana ƙaurin a ganga, har a yi kewarsa. Shi kuma ya bi ya wanke shi tas, da ɗankwali.

"To sai ka mayar masa da abinsa," in ji Justina, ta ci gaba da ɗaure kayan tafiya Kano.

Ranar kasuwar Gwaram ya hau motar yashi ta kamfani ya tafi wurin Kulu, wata dattijuwa mai sayar da tuluna, wadda duk yankin aka sani da iya turara tulu har ruwan cikinsa ya ɗauki ƙamshi.

"Inna, ina son ki koya mini turara tulu."

"Na amarya ko na mai jego? Ga kajiji, ga hawi."

"A'a, Inna. So nake ya yi warin ƙonanniyar ƙasa, da kwalta, da aidin, da busasshen kifi."

Kulu ta ja tabarmarta baya kaɗan, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, tun yaushe abin yake taso maka?"

"Ba ni ba ne. Maigidana ne, Bature."

"Af, to shi ke nan," in ji ta, hankalinta ya kwanta. Ta nuna masa yadda ake kifa sabon tulu a kan garwashi, a toshe gefe da tsumma, a bari hayaƙi ya ratsa yumɓu, a zuba abin sha tun tulun da ɗumi.

Barnabas ya yi aikin nan kamar ransa. Ya haƙo baƙar laka a fadama ya cuɗa da busasshen kashin shanu don ta kama wuta. Ya ɓanɓaro kwalta a bakin gada, ya sa kan tarwaɗa busasshe, ya roƙi aidin wurin mai allurar kamfani. Ya turara tulun har sau uku, yana gyara garwashi da tsinke, yana sunsunawa, yana ƙara nan yana rage can, sannan ya juye wuskin a ciki tun da ɗumi. Ƙarfin da ruwan randa ya kashe ya farfaɗo da shi da ogogoro da masoro, ya ɗiga zuma a ƙarshe, ya mayar a kwalba. Maƙwabta suka fito da bokitai suna tambayar gidan wa ke ci. Shi kuwa da ya sunsuna sai ya ji wani abu da bai zata ba: alfahari. Kai, ƙaurin ya tsaru.

Ranar buɗe gada manyan baƙi suka sha lemo suka watse. Jan Gemu ya zauna a baranda da abokan aikinsa biyu, ya buɗe kwalba da kansa, ya tsiyaya, ya kurɓa. Gemunsa ya yi tsaye. Ya yi tari har hawaye, ya ajiye kofin.

"Masu yin giyar nan sun lalace," ya ce da Turanci, muryarsa cike da baƙin ciki. "Kawuna ya tsufa, sun ba wani sakarai wuta. Ba laifin kowa a nan. Barnabas, zubar da shi." Ya ƙara da Hausa don kukun ya ji: "Wanda ya hura hayaƙin nan bai san aikinsa ba. Jaki ne."

Ka ji fa. Ƙofa a buɗe, laifi ya tafi can ƙetaren teku, Kano na jira. Justina tana bayan labule tana yi masa alama da ido ya ɗauki kwalba ya wuce. Ya ɗauka, ya yi taku biyu, sai ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, jaki kuma?"

"Jaki."

"A'a, wallahi ban yarda ba! Sau uku aka turara shi, a sabon tulu. Lakar ta fadama ce, ba ta bola ba. Ka ce kwalta, ga kwalta. Ka ce kifi, kan tarwaɗa guda na sa. Naku da kuka shekara kuna jira, gawayi biyu da ɗankwali suka fitar da shi. Wannan kuwa a kawo duk gawayin Birnin Kudu a gwada!"

Bayan labule aka ji wani abu ya faɗi, ashe Justina ce ta zauna daɓas a ƙasa.

Da motar kamfani ta tashi zuwa Kano, wani kuku ne daban a bayanta, wani Haladu da ko ƙwai bai iya soyawa ba. Barnabas ya tsaya a ƙofar ɗaki har ta ɓace, ransa a dagule, leburori na wucewa suna ɗaga hanci suna dariya. Ya juya wurin matarsa.

"Amma tsakani da Allah, ya kama ko bai kama ba?"

"Ya kama," in ji Justina, ba ta ko ɗago kai ba. Tana durƙushe tana kwance ƙullin kayan da ta ɗaure, tana mayar da kwanuka inda suke.