Alayyahu da Wagashi

Wagashin ya ƙi narkewa. Samiratu ta tsuguna gaban murhun gawayi tana fifita, tana juya tukunya, amma cukun nan na Fulani yana zaune cikin alayyahu gutsure-gutsure kamar tsakuwa. A wayarta kuwa, Baturiyar cikin bidiyon girkin da take kwaikwaya ta ɗaga cokali, cuku ya biyo shi yana jan zare.

Samiratu ta miƙe, ta leƙa ƙofa, ta dawo ta tsuguna. Can ƙarshen lungu, a gidan Alhaji Sanni, an fara gwada lasifika. Yau sunan jikansa. Hajiya Hamamatu, mai girkin bukukuwan unguwarsu Aboabo, ta faɗa mata tun shekaranjiya: "Ke mai shiru-shirun nan, kin ce kin iya girki? Kawo naki. In kwanon ya dawo wayam, kin shiga cikin matan girkina." Samiratu kuwa tun da ta gama sakandare ba ta da abin yi sai wanke-wanke da kallon bango.

Tun jiya abin ya fara karkacewa. Bidiyon ya ce a sa wani abu wai shi atishok. Ta zaga kasuwar Kejetiya da hotonsa, wata mai kayan miya ta ƙura masa ido ta ce, "Ei! Abarba ce ta ƙi girma?" Dole ta sayi yalo a madadinsa.

Mahaifiyarta, Humu, ta fito daga ɗaki tana ɗaura kallabi, ta leƙa tukunyar.

"Wa ya ce miki wagashi na narkewa? Shi ya sa ake soya shi."

"Maa, a bidiyon ya narke."

"Wancan na Turawa ne. Namu ɗan Fulani ne, taurin kai gare shi."

Ta turo mata asanka da ƙafa, kaskon nan na ƙasa da suke niƙa barkono a ciki, ta wuce biki abinta. Samiratu ta tsamo wagashin ta niƙa har kafaɗarta ta ɗau zafi. Ta zuba madarar gwangwani da tafarnuwa, ta mayar kan wuta. Bai ja zare ba, amma ya yi laushi, ya kama jikinsa. Ta yanka burodi ƙanana, ta gasa, ta jera su kewaye da kwanon a kan tire, daidai yadda ta gani.

A ƙarƙashin rumfa mata sun cika maƙil, kiɗa na tashi. Samiratu ta ajiye tiren a gefen tukwanen Hajiya. Tun daga gida take maimaita maganar a zuci: tsoma burodin ake yi a ciki. Ta buɗe baki ke nan wata tsohuwa ta jawo tiren.

"Wa ya zagaye miya da burodi? Ku kai wa masu shayi."

Aka kwashe burodin. Tsohuwar ta sa ludayi, ta malala abin a kan tuwon shinkafa. Wata ta miƙo nata kwanon, wata ma ta miƙo. Samiratu ta koma bayan sandar rumfa tana murza gefen mayafi. Ta fita har bakin kwata, ta dawo. Ta sake fita. Da ta dawo karo na ƙarshe, Hajiya Hamamatu na riƙe da kwanon tana juya shi. Babu komai a ciki sai sawun yatsu.

"Ke! Zo nan. Miyar nan ta yi. Sai dai ta cika kauri, ki riƙa ƙara ruwa. Burodin kuma, wa ya aike ki?"

"Hajiya, ai ba miya..."

"Me kika ce? Ɗaga murya, 'yata, ba ki jin kiɗa?"

Samiratu ta dubi kwanon.

"Na ce to, Hajiya."

"Yauwa. Ran Asabar akwai biki a unguwar Tafo. Ki zo da asankarki."

A hanyar gida, da Samiratu ta sauke tiren za ta gyara gammo, ta ga yankin burodi ɗaya ya maƙale a ƙarƙashin kwanon. Ta duba gaba, ta duba baya. Babu kowa a lungun. Ta ɗauke shi, ta lakato ɗan koren da ya rage a bakin kwanon, ta sa a baki, ta tsaya nan tana taunawa a hankali.