Kada Ka Manta Da Mai

Allurar zafin inji ta gota tsakiya ne jim kaɗan bayan sun wuce Uyaina. Issoufou ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ko Allah zai sa maƙalewa ta yi, irin ta tsohon ƙarfe. Ba maƙalewa ba ce. Sai ma ta ƙara matsawa wajen jan layi, a hankali, kamar mai jin kunya.

Motoci ashirin da uku ne jere kan kwalta, kowace ta girmi direbanta ko ta kusa. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ce ta Riyad, mutanen da ke haɗuwa duk Asabar a wani fili a Badi'a, su buɗe murfin inji su yi ta leƙen ƙarfe kamar masu barkar haihuwa. Sau ɗaya a shekara, idan sanyi ya shigo, sukan yi ayari su fita ƙauye. Bana wata gonar dabino suka nufa a bayan Huraimila. Issoufou ne na goma sha ɗaya a layi, cikin farar Marsandi ƙirar 1972. A gabansa Kadilak ɗin Abu Nasir ce, kafilinsa, mutumin da zamansa a ƙasar ke hannunsa. Iƙamar Issoufou, takardar izinin zamansa, saura kwana tara ta mutu, kuma Abu Nasir ya ce sai an dawo daga wannan tafiya zai duba maganar sabunta ta.

Marsandin ba mota ba ce kawai a gidan. Ta mahaifin Abu Nasir ce, marigayi, wadda ya taho da iyalinsa a cikinta daga Hasa zuwa Riyad. Har yau casbahar tsohon na rataye a madubi. Abu Nasir ba ya ba kowa makullinta. Bana ne ya sayi Kadilak yana son abokai su gan shi a ciki, ita kuma Marsandi ba ta taɓa fashin ayari ba, shi ya sa makullin ya faɗo hannun direban gida. Direban da ya gabaci Issoufou, wani Buraima ɗan Damagaram, a kan motar nan ya bar ƙasar. Laifinsa bai wuce ya wanke kujerun fata da sabulu ba, don neman yabo, ba tare da an sa shi ba. Kwana huɗu tsakani aka buga masa huruj niha'i, fitar da ba a dawowa, ya hau jirgi da jaka ɗaya.

Tun daga jin wannan labari Issoufou ya shafa wa gemunsa ruwa. A gidan nan abin da aka ambata shi yake taɓawa, abin da ba a ambata ba ko kallonsa ba ya yi. Can gida, lokacin da yake jan babbar mota daga Maraɗi zuwa Agadas, ko mahaukaci ba zai tayar da inji bai duba lagireto ba. Amma nan ba Maraɗi ba ce.

Da asuba saƙon murya ya shigo wayarsa. Muryar Abu Nasir ce, a shaƙe da barci, da Larabci: "Ya Yusuf, la tansa-l-mai." Kada ka manta da mai. Issoufou bai manta ba. Ya kai Marsandi gidan mai ya cika tanki har wuya, ya dawo ya zaro sandar gwaji ya ƙara baƙin mai rabin gwangwani. Mai iri biyu Bahaushe ya sani a mota, ya kuma ba ta duka biyun. Har da ɗan jin daɗi a ransa na wanda ya yi aiki ba saura.

To me ke dafa injin? Ya yi ta juya abin a kansa, hannuwansa na zamewa kan sitiyari don gumi, ga shi watan Janairu. Sai wani abu ya faɗo masa. Ɗazu a filin Badi'a, kafin a tashi, Abu Nasir ya miƙa wa ƙaninsa hannu ya ce, "Aɗini mai." Ƙanin ya ɗora masa gorar ruwa a tafi. Issoufou na tsaye a wurin yana goge fitila. Ya gani da idonsa, abin bai shiga kansa ba sai yanzu.

Ruwa. Mutanen Riyad moya suke cewa, ita ya koya, ita Abu Nasir kansa ke faɗa kullum. Amma ashe a bakin mutanen Hasa ruwa shi ne mai, kuma idan barci ko gaggawa suka kama mutum, harshen gidan ubansa ke fitowa. Shi ma kunnen Issoufou da asubar nan gida ya koma.

Ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko ranar da tayarsa ta fashe a bayan Adarbisnat babu kowa sai rairayi.

Ya tuna dabarar hanyar Agadas. Ya kunna hita har ƙarshe, don ta janye zafi daga inji. Iska mai zafi ta bugi fuskarsa, ya yi hamdala, allurar ta ɗan tsaya. Allon gefen hanya ya ce saura kilomita goma sha huɗu Huraimila. In ta kai, zai lallaɓa ana shan gahawa ya zuba mata ruwa, ba wanda zai sani sai Allah. Ya shiga lissafi yana salati, ya sassauta totur, ya bar tazara tsakaninsa da Kadilak.

Tsayawa kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wannan ƙungiya. Ka'idarsu, in mota ɗaya ta tsaya duka ayari ya tsaya. Shugabansu, Abu Turki, yana tafe a gaba cikin tsohuwar akori-kura da wata katuwar igiyar jan mota mai ruwan ɗorawa. Duk wanda motarsa ta fara tsayawa a hanya, shi ake rataya wa igiyar a kafaɗa a ɗau hoto, ya kai ta majalisar gidansa ta shekara a bango, baƙi na tambaya. Shekara goma sha ɗaya ana wannan fita, igiyar ba ta san ƙofar Abu Nasir ba. Yakan faɗi haka a gaban kowa, ko ba a tambaye shi ba.

Sun yi kamar kilomita biyu sai iskar hita ta yi sanyi.

Wani zai ce sauƙi ya samu. Issoufou ya san ba haka ba ne. Hita da ruwan inji take ɗumi, idan ta huro sanyi, ruwan ne ya ƙare. Daga nan inji ba ya gargaɗi sau biyu. Gaba kura baya sayaki: in ya tsaya ya jawo wa kafilinsa igiya a gaban mutum ashirin, in ya ci gaba ya kashe motar marigayi. Ya tuna Delou, matarsa, da 'yarsa Mariama da aka haifa bayan tahowarsa, wadda muryarsa kawai ta sani a waya. Ya hango kansa yana sauka tashar Tasawa da jaka ɗaya, mutane na yi masa sannu da zuwa suna kallon ƙasa.

Casbahar tsohon na ta kaɗawa a madubi. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin sitiyari.

Ya kunna sigina, ya gangara gefen hanya, ya kashe inji.

Hon ya tashi daga baya, ya bi layi har gaba. Ɗaya bayan ɗaya motocin suka sauka kan tsakuwa. Tururi na fita siriri ta gefen murfin Marsandi. Issoufou ya fito.

Wanda ya fara isowa shi ne na bayansa, Likita Lurwanu, Bazazzagi, da ke aiki a wani asibiti cikin gari. Shi kaɗai ne Bahaushe a ƙungiyar, da Fijo 504 da ya ce irinta babansa ya yi haya da ita. Cikin jimla uku Issoufou ya gaya masa abin da ya faru. Likita ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskarsa, ya rufe.

"Malam Issoufou, saurara," ya ce da murya ƙasa. "Tsohuwar mota ce. In ya tambaya, ka ce ka zuba. Za a ce yoyo ne ya shanye."

"Likita, mi zan ce ma Allah?"

"To ai ka zuba mai. Ko ba ka zuba ba?"

Abu Nasir na tahowa a ƙafa, ba ya sauri, iska na kaɗa jan rawaninsa. Bai dubi Issoufou ba. Ya naɗe hannu da tsumma ya ɗaga murfin inji, ya ja da baya tururi ya wuce, ya daɗe yana kallo. Mutane sun kewaye su, wasu har sun ɗaga waya. Sannan ya juyo ya yi tambayar da Larabci, da kalmar nan dai tasa: ka zuba mai?

Na'am ɗaya ta isa. Ba ma ƙarya ba ce, a wani harshen. Issoufou ya ji kalmar ta hau harshensa ta zauna. Amma ya san in ya faɗe ta, gobe za a kwance injin marigayi gunduwa-gunduwa ana neman ciwon da babu.

"Zait, ɗal umrak," ya ce. "Zait wa banzin." Baƙin mai da fetur, ranka ya daɗe. Ya roƙi Likita ya fassara sauran, don Larabcinsa ya gudu.

Likita ya yi bayani a tsanake, cewa a harshensu abin da ake zuba wa tanki da inji shi ake kira mai. Abu Turki ne ya fara fashewa, har yana dafa bayan mota. Sauran suka bi. Sai dai ba Issoufou suke wa dariya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Abu Turki yana share hawaye yana cewa shekara arba'in a Riyad amma har yanzu bakin Abu Nasir na Hasa, da ya ce moya kamar mutanen kirki da ba a kai nan ba. Wani ya ce a nemo masa tafinta shi ma. Aka kawo igiya, aka rataya masa, aka ɗau hoto. Abu Nasir ya tsaya cak har aka gama, bai yi ko murmushi ba.

Suka jira rabin sa'a inji ya huce. Abu Nasir da kansa ya buɗe lagireto, ya yi ta ɗura mata ruwan shan mutane, gora bakwai. Ashe tana da ɗan yoyo tun zamanin tsohon, Abu Nasir ke cika ta da hannunsa kafin kowace fita, bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya miƙa hannu, Issoufou ya sa masa makulli. Ya murɗa. Marsandi ta yi tari sau biyu, ta kama, ta yi ta bugawa lafiya lau. Ya ba ƙaninsa Kadilak, shi ya shige motar ubansa ya ja ƙofa. Issoufou ya ƙarasa tafiyar a Fijon Likita, wanda ya yi ta ba shi baki har ya gaji ya kunna rediyo.

A gonar aka shimfiɗa darduma ƙarƙashin dabino, aka kawo shinkafa da rago a manyan farantai. Issoufou ya zauna cikin direbobi. Daga nesa yana jiyo su, duk wanda zai nemi ruwa sai ya ɗaga murya ya ce a ba shi mai, a sake dariya. Kowace dariya sai ya ji kamar ana ƙara matso masa da jirgi. Ya fara tunanin wa zai bar wa tukunyarsa da bargonsa.

Bayan la'asar aka ce Abu Nasir na kira. Yana jingine da Marsandi can gefen rijiya, shi kaɗai, igiyar na kan kujerar baya. Wayarsa na hannunsa, kuma Issoufou ya san a cikin wayar nan ake sabunta iƙama, a cikinta ake buga huruj, duka da yatsa ɗaya. Ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a baya.

Abu Nasir ya tambaye shi saura kilomita nawa lokacin da ya tsaya. Ya ce goma sha biyu. Ya tambaye shi ya san maganar igiya? Ya ce ya sani. To me ya hana shi lallaɓawa ya ƙarasa?

"Da ba ta kai ba, ɗal umrak."

Abu Nasir ya juya ya dubi motar. Ya sa babban yatsa ya goge wani ɗigon tsatsa da tururi ya bari a gefen murfi. Ya ce, kamar da kansa yake magana, babansa har ya rasu bai taɓa cewa moya ba.

"Ya Yusuf. Da harshenku, me kuke ce masa?"

Issoufou ya ce, "Ruwa."

"Ruwa," in ji Abu Nasir, yana tauna kalmar kamar dabino mai tauri. Ya sake faɗa, bai daidaita ta ba. Sannan ya zura wayar a aljihu, ya zaro makulli ya miƙa masa. "Asabar mai zuwa, kafin mu fita. La tansa ruwa."

Ya wuce wajen mutanensa. Issoufou ya sa makullin a aljihu. Daga nan ya je rijiya ya cika gora biyu, ya dawo ya buɗe murfin inji, ko da yake ba a ce ya buɗe ba.